MALAM AMINU KANO DA AKWATIN ZAƁE: TARIHIN MUTUMIN DA YA SHA FAƊUWA



Duk wanda ya ga zaɓe a nan Gadarif, ko na 1986 ko na 2010, ya san yadda abin yake kasancewa idan ɗan unguwa ya tsaya neman kujera. A yi taro a ƙofar gida, a yi karo-karo, samari su liƙa hotuna, dattawa su sa albarka. Ranar ƙirga ƙuri'a sai a ce wani ne ya ci. Kafin gari ya waye an gama yanke hukunci: wasu su ce ai dama ba a son mu, wasu su ce shi ne bai iya ba. Shi kuwa ɗan takara sai ya koma gonarsa ko shagonsa da bashi a wuya, ba a sake jin ɗuriyarsa. Bayan 'yan shekaru wani ya fito ya fara daga inda na farko ya fara, ya kuma faɗi a inda ya faɗi.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin wani mutum da ya sha faɗuwa zaɓe a garin haihuwarsa, amma yau filin jirgin saman garin da babban asibitin koyarwarsa sunansa suke amsawa. Mutumin shi ne Malam Aminu Kano. Da yawa daga cikinmu mun ji sunansa a bakin iyaye ko a rediyo, an ce jagoran talakawa ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sau nawa ya tsaya aka kayar da shi, su wa suka kayar da shi, ta wace hanya, da kuma abin da yake yi tsakanin wannan faɗuwa da waccan. A nan ne darasin yake.

Asalinsa

An haifi Aminu a ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Fulanin Genawa, gidan da ya yi suna wajen ilimin shari'a da alƙalanci. Saboda haka ba daga cikin talakawa ya fito ba. Da ya so, kujerar alƙali ko babban aiki a fada suna jiransa. Ya yi karatun allo da na littattafai, ya yi na boko har Kwalejin Kaduna, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 aka tura shi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Bayan dawowarsa aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato.

Yana Maru ne wasu samari suka taru a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. A ƙarshen wannan shekara Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati, ya dawo Kano ya shiga tafiyar, kuma a 1953 ya zama shugabanta.

Kafin a fahimci abin da NEPU take faɗa da shi sai an san yadda ake mulkin Arewacin Nijeriya a lokacin. Turawan Ingila sun bar mulkin yau da kullum a hannun abin da ake kira En'e, wato hukumar sarki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ita ce takwarar idara ahliyya ta nan Sudan, ta nazirai da umdodi da shehunai. Sai dai En'e ta Kano ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sarki ne ke naɗa hakimi, hakimi ke kula da dagaci, dagaci ke kula da mai unguwa. Su ke karɓar haraji da jangali. 'Yan doka nasu ne, kotun alƙali tasu ce, gidan yari nasu ne. Talaka ba shi da wurin kai ƙara sai gaban wanda yake ƙara a kansa. NEPU ta ce a gyara wannan tsari, a bar mutane su zaɓi masu mulkinsu.

Faɗuwa ta farko: 1951

A 1951 aka yi zaɓen farko na Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa da ke Kaduna. Zaɓen ba irin wanda muka sani ba ne, hawa-hawa aka yi shi. Masu biyan haraji a ƙauye ko unguwa su zaɓi wakilai, a fili, a gaban dagaci ko mai unguwa. Waɗannan wakilai su je su zaɓi wasu a mataki na gaba, haka har a kai ga zauren ƙarshe na lardi, wanda shi ne zai fitar da 'yan majalisa. A wannan zaure na ƙarshe doka ta ba En'e damar ƙara nata mutanen, kashi 10 cikin 100, waɗanda ba su bi ta kowane mataki ba.

A matakan farko cikin birnin Kano 'yan NEPU suka ba kowa mamaki, suka kayar da manyan fada a unguwanninsu. Malam Aminu na cikin waɗanda suka tsallake. Amma da aka isa zauren ƙarshe, inda wakilan gundumomin karkara suka haɗu da mutanen da En'e ta shigar, sai lissafi ya juya. Kujeru 20 na lardin Kano duk a zaure ɗaya ake cika su, saboda haka wanda ya riƙe rinjayen zauren shi ke kwashewa. Hakimai da ma'aikatan En'e suka tafi Kaduna, Malam Aminu ya zauna gida.

Abin lura shi ne yadda ya fassara wannan faɗuwa. Ya ga mutanen unguwa sun zaɓe shi, ya kuma ga inda ƙuri'arsu ta salwanta a hanya. Daga nan NEPU ta sa buƙatar zaɓe kai tsaye, na ƙuri'ar sirri, a kan gaba cikin buƙatunta. Da ita Malam ya tafi taron tsarin mulki na Landan a 1953, ya kuma ci gaba da maimaita ta a kowane taro.

Faɗuwa ta biyu: 1954

A 1954 aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Ikko, wato Legas. A Arewa har yanzu hawa-hawa ake yi. Malam Aminu ya tsaya a Kano, jam'iyyar NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa ta su Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta tsayar da wani matashin malamin makaranta mai zaƙin harshe, Yusuf Maitama Sule, wanda daga baya ya zama Ɗanmasanin Kano. Maitama ɗan shekara 25 ne a lokacin, kuma da farko yana cikin samarin tafiyar NEPU kafin ya koma ɗaya ɓangaren. Shi ya ci.

Wannan faɗuwa ta fi ta farko ciwo, domin ɗan gida ne ya kayar da shi, ƙaninsa a shekaru, wanda suka taɓa zama inuwa ɗaya. Duk wanda ya ga yadda manyan jam'iyyu ke ɗauko ɗan ƙabila su tsayar da shi don ya raba ƙuri'ar 'yan'uwansa zai gane irin wannan ciwo. Amma ba a ji Malam ya mai da faɗansa kan Maitama Sule ba. Ya san wanda ya tsayar da shi da tsarin da ya ba shi nasara, a kansu ya ci gaba da magana.

Faɗuwa ta uku: 1956

A 1956 aka sake zaɓen majalisar Kaduna. A wannan karo an ɗan sassauta: a wasu mazaɓun manyan garuruwa, ciki har da birnin Kano, maza masu biyan haraji sun jefa ƙuri'a kai tsaye. Malam Aminu ya tsaya a mazaɓar Kano ta Gabas. Abokin karawarsa shi ne Alhaji Ahmadu Ɗantata, ɗan Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu a 1955, wanda a zamaninsa ake lissafa shi a sahun gaba na masu arzikin Afirka ta Yamma. Ahmadu Ɗantata ya ci.

A nan babu zauren ƙarshe da za a ɗora wa laifi. Ƙuri'a ce aka jefa aka ƙirga. Me ya faru? Gidan Ɗantata gida ne da dubban mutane ke ci a ƙarƙashinsa: dillalai, masu awon gyaɗa, direbobi, 'yan dako, fatake masu karɓar jari. Mutum ba ya jefa ƙuri'a a kan wanda ke ba shi jari sai da dalili mai ƙarfi. Ga kuma fada da malamanta, waɗanda suka yaɗa cewa 'yan NEPU marasa kunya ne, masu raina manya, masu son rusa gadon Shehu Usmanu. Ga En'e, wadda ita ke ba da izinin yin lacca, ita ke hanawa. Ɗan NEPU da ya yi taro ba izini, ko aka ce ya zagi sarki, 'yan doka za su kai shi gaban alƙali, inda ba a yarda lauya ya shiga ba, a yi masa bulala ko ɗauri. A Kano har wata ƙungiyar 'yan banga aka yi da ake kira 'Yan Mahaukata, masu far wa 'yan Sawaba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar, ta shiga gidan yari sau da yawa a waɗannan shekaru. A Arewa baki ɗaya kujerun da NEPU ta samu a wannan zaɓe ba su wuce goma ba cikin 131, kuma shugabanta ba ya ciki.

Malam Aminu bai taɓa zama a majalisar Kaduna ba har ƙarshen rayuwarsa, alhali ita ce majalisar da ke da iko a kan En'e, haraji da kotunan alƙalai, wato ainihin abubuwan da ya shiga siyasa dominsu.

Maganar kotunan nan ta haɗa Kano da Khartum ta wata hanya da ya kamata mu sani. Da koke ya yi yawa a kansu gab da samun 'yancin kai, daga ƙananan ƙabilu waɗanda ba Musulmi ba da kuma 'yan adawa, sai gwamnatin Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958. Shugaban kwamitin shi ne Alƙalin Alƙalan Sudan na lokacin, Muhammad Ahmad Abu Rannat. Bisa shawararsu aka rubuta sabuwar dokar manyan laifuka ta Arewacin Nijeriya, wadda aka gina a kan ta Sudan, ta fara aiki a 1960. Wannan bai hana kama 'yan adawa ba, amma ya sa hukunci ya koma kan rubutacciyar doka da kowa zai iya karantawa.

Nasarar 1959 da abin da ya biyo baya

Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya na shirin mulkin kai. A karon farko duk namiji baligi a Arewa ya jefa ƙuri'ar sirri kai tsaye, abin da NEPU ta shekara takwas tana nema. Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ƙa'idar zaɓe tana da hannu a sakamakonsa. Amma kuma ya nuna iyakar hannun nata, domin NPC ta samu kujeru 134, NEPU 8 kawai. Canza doka bai kawar da tsoron hakimi daga zuciyar manomi a rana ɗaya ba.

Nasarar ma ta zo da ƙaya. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ita kuwa NCNC sai ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC a Ikko. Aka wayi gari Malam Aminu yana riƙe da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisa, yana zaune gefe ɗaya da mutanen da En'ensu ke ɗaure magoya bayansa a ƙauyuka. Da yawa daga 'yan Sawaba ba su ji daɗin haka ba, kuma a zaɓen majalisar Kaduna na 1961 jam'iyyar kujera ɗaya tak ta samu. Wanda zai yi ƙawance da babba ya san cewa babban na iya shiryawa da abokin gabarsa ba tare da ya shawarce shi ba.

A zaɓen tarayya na 30 ga Disamba 1964, wanda rikici da ƙauracewa suka dabaibaye, Malam Aminu ya rasa kujerarsa. Wani ɗan gidan Ɗantata ne ya karɓe ta, Alhaji Mahmud Ɗantata, wanda ya yi suna a harkar jigilar alhazai. Faɗuwa ta huɗu ke nan a cikin garinsa. Shekara ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka sojoji suka yi juyin mulkin Janairu 1966, aka rushe jam'iyyu duka.

Abin da yake yi tsakanin zaɓe da zaɓe

Idan aka tsaya a lissafin kujeru, shekaru 15 na NEPU asara ce. Amma jam'iyyar ba ta rufe ofis ranar da aka faɗi sakamako. Tana da rassa a garuruwa da ƙauyuka, tana sayar da katin shiga, tana da reshen mata da na matasa. Mafi yawan mutanenta teloli ne, mahauta, maƙera, 'yan koli, ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure, masu sana'ar da ba ta dogara da albashin En'e ba. Su ke yawo kasuwa-kasuwa suna bayyana wa manomi nawa ne harajin da doka ta ɗora masa, da cewa yana da haƙƙin karɓar rasit, da cewa noman gandun hakimi ba tilas ba ne. Idan aka ɗaure ɗan jam'iyya, a bi sawun shari'arsa, a ɗaukaka ƙara, a kula da iyalinsa gwargwadon hali.

Shi kansa Malam malami ya kasance har ƙarshe. Yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantar Islamiyya ta zamani a Kano, inda yara maza da mata ke zama a aji. Yana tafsiri a watan azumi. Da aka zarge shi da fita daga tafarkin magabata, da littattafan Shehu Usmanu da na ƙaninsa Abdullahi a kan adalcin shugabanni ya riƙa ba da amsa. Ya nace a ba mata ƙuri'a a lokacin da faɗin haka ke jawo asarar ƙuri'ar maza. A nan Sudan mata sun samu cikakken haƙƙin zaɓe bayan juyin Oktoba 1964, har Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisa a 1965. Matan Arewacin Nijeriya sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Kuma duk tsawon wannan lokaci bai tara dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kowa na iya zuwa ya ga irin ɗakin da ya rayu a ciki.

A zamanin Janar Yakubu Gowon, daga 1967, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya, na sadarwa sannan na lafiya. A waɗannan shekaru na mulkin soja aka ƙirƙiro jihar Kano, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi. Sojoji ne suka sa hannu, amma buƙatun tsofaffin buƙatun NEPU ne, waɗanda aka yi shekaru ana shan bulala a kansu har suka daina zama baƙi a kunnen mutane.

Girbi: 1979

Da aka dawo siyasa a 1978 Malam Aminu ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar makulli. A zaɓen shugaban ƙasa na Agusta 1979 ya sake faɗuwa. Alhaji Shehu Shagari ya ci, shi kuma ya samu kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa. Amma a jihar Kano ya samu fiye da kashi 70. Jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano, Muhammadu Abubakar Rimi, da na Kaduna, Abdulƙadir Balarabe Musa. Daga cikin abubuwan farko da gwamnonin biyu suka yi akwai soke haraji da jangali. Matan da aka ce ba su cancanci ƙuri'a ba suna cikin waɗanda suka yi dogon layi. Yaran da suka ga an yi wa iyayensu bulala a shekarun 1950 su ne suka zama wakilan akwati.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. PRP ta rabu gida biyu, 'yan santsi na ɓangaren gwamnoni da 'yan taɓo na ɓangaren Malam, har ta kai ga ɓatanci tsakanin uba da 'ya'yansa na siyasa. An tsige Balarabe Musa a 1981. Malam yana shirin sake tsayawa a 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, sai ajali ya riske shi ranar 17 ga Afrilu 1983. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni ɗan takarar ɓangarensa, Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ya ci gwamnan Kano.

Abin da ya shafe mu

Faɗuwa zaɓe ba abin kunya ba ne ko a nan ƙasar. Sadiƙ al-Mahdi, bayan ya riƙe firayim minista, ya rasa kujerarsa a zaɓen 1968. Hasan al-Turabi ya faɗi a mazaɓar Sahafa ta Khartum a 1986, lokacin da jam'iyyu suka haɗa kai a bayan mutum ɗaya don su kayar da shi. Babu wanda ya ce tarihinsu ya ƙare a ranar. Mu ne muka ɗauki faɗuwar ɗan takararmu a matsayin hukuncin ƙarshe a kansa da kuma a kanmu.

Abu na farko da tarihin Malam Aminu ke koya mana shi ne a binciki inda ƙuri'a ta salwanta. Shi zauren ƙarshe na lardi ya gano. Mu namu shingen ya daɗe yana ga takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957 da ta biyo ta, sun sa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Alhali hijira mafi girma ta mutanenmu ta zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma hanyar hajji ce ta kawo su, noma ya zaunar da su a bakin Rahad da Dindir da Atbara. Shekaru shida kacal tsakanin 1897 da 1903 sun jefa zuriyoyi cikin wahalar neman jinsiyya. Dokar 1994 ta mayar da sharaɗin zuwa 1 ga Janairu 1956, amma gyaran doka ba ya kai takarda hannun tsohuwa a ƙauye sai wani ya raka ta ofis. Wanda ba shi da jinsiyya ko lambar ƙasa ba ya cikin rajista, wanda ba ya cikin rajista kuwa guɗarsa a wurin taro ba ta shiga akwati. Ɗan takarar da ya faɗi ya kamata ya san mutum nawa ne a unguwarsa suka isa zaɓe, nawa ke da takarda, nawa suka yi rajista, nawa suka fito, da kuma yadda aka shata iyakar mazaɓarsa.

Abu na biyu shi ne bambancin da ke tsakaninmu da Kano, wanda bai kamata a ɓoye ba. Talakawan da Malam ya tsaya wa su ne mafi yawa a ƙasarsu. Abin da ya rage kawai su daina tsoro. Mu kuwa tsiraru ne, kuma a warwatse muke. 'Yan'uwanmu Beja sun kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ci kujeru 10 a zaɓen 1965, domin suna da yankuna da su ne mafi rinjaye a ciki. Mu irin waɗannan mazaɓu kaɗan gare mu. Ɗan takarar da zai tsaya da sunan Hausa kaɗai ya san iyakar ƙuri'arsa tun kafin a buɗe akwati. A nan ma akwai abin koyi ga Malam. Bafulatani ne ɗan gidan alƙalai, amma bai nemi ƙuri'a da sunan zuriya ba. Haraji da kotu da makaranta ya yi magana a kai, abubuwan da ke damun Bahaushe da Banufe da Babarbare daidai wa daida. Ƙishin ruwan da Gadarif ta daɗe tana fama da shi bai san ƙabila ba. Haka ladan mai yankan riɗi da dawa a manyan gonakin inji, da rikicin ƙaramin manomi da makiyayi a kan burtali, da ajin da yara suka yi wa yawa, da hanyar da ke yankewa duk damina. Wanda ya riƙe waɗannan da gaskiya zai samu mai saurarensa a cikin Shukuriyya da Dabaina da Bani Amir da Masalit da Nuba. Abin da ya faru a wilayar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, da jinin da aka zubar, da fushin da ya biyo baya a Kassala da nan Gadarif, ya isa ya nuna mana tsadar zama ba tare da maƙwabcin da zai tsaya maka ba.

Abu na uku shi ne kada a watse. Tun 2015 ba a sake zaɓe a ƙasar nan ba, kuma tun Afrilun 2023 yaƙi ne ya sha kan komai, garinmu ya cika da waɗanda suka baro gidajensu. Mai karatu na iya cewa wannan ba lokacin maganar akwati ba ne. Amma Nijeriya ta yi shekaru 13, daga 1966 zuwa 1979, ba ta zaɓi shugaban ƙasa ko gwamna ba, kuma mutanen da suka fito suka ba PRP Kano a 1979 ba a watan zaɓe aka tara su ba. Wanda ya tsaya a kan tukunyar ciyar da baƙi yau, wanda ya bi wa marayu takardunsu, wanda ya hana a cire yarinya daga makaranta, wanda ya shiga tsakani ranar da rigima ta tashi a kasuwa, shi ne mutane za su tuna ranar da aka ce a fito da wakili. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Saboda haka idan a unguwarku akwai dattijon da ya taɓa tsayawa ya faɗi, ku je ku gaishe shi, ku zauna ku tambaye shi. A wace rumfa ya samu ƙuri'a, a wace ya rasa? Wa ya yi masa alkawari ya saɓa? Me zai sake da zai koma? Ku rubuta abin da ya faɗa ku ajiye, domin shi ne jarin wanda zai tsaya gobe. Malam Aminu ya faɗi a 1951, ya faɗi a 1954, ya faɗi a 1956, ya faɗi a 1964, ya faɗi a 1979, kuma a kowace faɗuwa akwai waɗanda suka zauna suka yi wannan lissafi tare da shi.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu da sauran magabatanmu, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.